Haƙorin da Kawu Ya Karce

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda rabin katangun Bande suka fito daga hannunsa, ya riga mu tafiya a ƙarshen bazarar nan, saura ƙiris ruwan shuka ya sauka. Allah ya haskaka makwancinsa.

Na yi aikin lekol, makarantar boko, har alli ya cinye mini yatsu, saboda haka ko a zaman makoki ba na iya hana idona aikin da ya saba, wato rarrabe wanda ya zo da karatu da wanda ya zo dumama benci. Tsofaffin magina sun zo daga Dogo-Dogo a kan amalanke. Da aka shafa fatiha, babbansu ya tashi ya je ya ɗora tafin hannu a bangon zaure, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Wannan yaɓen ya girmi ɗana na fari." Ya koma ya zauna. A duk ta'aziyyar da aka yi mana, wannan ce kaɗai na tabbata Kawu zai karɓa ba tare da ya yi gyara ba. Wata tsohuwa daga bayan kasuwa ta shigo tana dogara sanda, ta tsaya a ƙofa tana share ido da bakin mayafi, ta ce, "To bana wa zai zo ya zage ni kafin damina?" Baƙi suka dubi juna. Mu ƴan gari mun gane.

Sauran jama'a kuwa, da an ce "ya haƙuri" an amsa, sai a matso kusa da ni a rage murya: "Mushe, ashe ƙarfen nan ne?" Mushe, wato malam a bakin ƴan lekol, shi ne sunan da ya biyo ni daga aji har furfura. Ƙarfen da suke nufi kuwa haƙora biyu ne da aka dasa wa Kawu a muƙamuƙin ƙasa, a Yamai. Tun kafin wanka ma wani ya ja liman gefe ya tambaya ko za a cire su. Liman ya ce, "Haƙorin Makka nawa muka binne a garin nan? Ku bar bawan Allah da abinsa."

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Ranar sadakar uku, ƴar autan Kawu, wadda kowa ke kira Auta, anfirmiye ce mai jinya a asibitin Damagaram, ta kawo ƙwaryar gumba bakin zaure. Babban ɗan Kawu, wanda ya gaji sana'ar, yana zaune cikin maza. Ya dube ta ya ce, ba da ƙarfi ba, amma har na bakin ƙofa sun ji: "Ga wadda ta kai shi aka dasa mishi ajali." Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta shiga ta yi wa mahaifiyarsu, Inna, sallama, ta bi motar yamma. Sadakar bakwai babu ita.

Saboda haka rubutun nan yana da nauyi biyu. Ba na so a tuna da Kawu a matsayin tsohon da haƙori ya kashe. Kuma ba na so a bar wa yarinyar nan gawar ubanta a ka.

Kawu mutum ne da bai iya wuce bango bai taɓa shi ba. In kuna tafiya masallaci, sai ka waiga ka gan shi a baya yana ƙwanƙwasa katangar wani da ƙashin yatsa, kunne a kusa, kamar majon asibiti yana sauraren ƙirjin mara lafiya. Yakan ce, "Bango ba ya ƙarya, jiran damina yake ya faɗi gaskiya." Abin da ya fi maimaitawa ga masu koyo a hannunsa kuwa shi ne, "Sumul ba ya riƙe komai." Kafin a yi yaɓe sai an karce bango, an yi mishi zane-zane da bakin cokalin gini, an yayyafa ruwa, sannan sabuwar ƙasa ta samu wurin kamawa. Wanda ya yi yaɓe a kan santsi, Kawu ba ya dukansa. Yakan bar shi ya gama tsaf, ya yaba kyan aikin, sannan ya sa farce ya ɓamɓare shi gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa.

Alherinsa ba ya zuwa sai da zagi a gaba. Duk ƙarshen rani yakan zaga gidajen tsofaffin da ba su da mai hawa musu soro. Zai shiga ba sallama mai tsawo, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ɗaki ne ko kabari kika haƙa a sama?" Kafin ta ba shi amsa ya hau. Zai toshe tsaga, ya gyara indararo, yana faɗa daga sama tana ramawa daga ƙasa. In ta kawo fura ya sha, in ta fara godiya ya ce kunnensa na ciwo. Na taɓa tambayarsa dalilin zagin. Ya ce, "Wanda ka zaga ba ya jin nauyinka in kun haɗu a hanya."

Ni ma na ɗanɗana. Shekarar da aka ba ni aji na zana, iska ta kwashe shi da taswirar duniya da komai. Kawu ya zo ya ga ƴan lekol zaune a rana, ya ce, "Mushe, karatun naku mai tsada ne, shi ya sa ba a sa shi a ɗaki?" Washegari ya zo da mutanensa. Ajin yana nan har gobe.

Haƙoran sun tafi ne ranar da azara ta suɓuce wa wani lebura ta same shi a baki. Da farko ya yi abin wasa. An yi mishi na roba a Kano, masu cirewa da mayarwa. Wata rana yana saman katanga ya buɗe baki zai ce a ƙara ruwa, sai ga haƙora sun riga maganar sauka, suka faɗa cikin kwaɓin da ake takawa. Lebura suka dinga lalube da ƙafa. Ya ce, "Ku bar su, a gina da su." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma daga ranar ya fara jan rawani yana rufe baki. Ya daina cin nama a taro. Muryar da ake ji daga kasuwa har tasha ta koma ishara da hannu, domin wasu kalmomin sun daina fita daidai, kuma ya lura samari na kawar da kai don kada su yi murmushi. Mutumin da ke zagin gari da safe ya koma mai gyaɗa kai. Waɗanda ke cewa yau "da an bar shi yadda yake" sun manta yadda yake ɗin. Auta ba ta manta ba, ita ce ta tara abin da ta tara ta kai shi Yamai.

Likitan haƙoran da Faransanci yake magana, Kawu kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa da sunan siminti ba, sai Auta ta zama tafinta. Da ya ji za a murɗa ƙarfe cikin ƙashinsa, ya tattara riga zai tashi. Ya ce, "Ƙusa ko a itace tsatsa take yi, balle a nama." Ta ce wannan ƙarfen ba ya tsatsa. Bai zauna ba. Likita ya ɗauko samfuri ya nuna: rabin da ke shiga ƙashi an fesa mishi yashi mai laushi, an jiƙa shi a wani ruwa mai ci, har ya yi kaushi, don ƙashi ya tsiro ya kama shi. Auta ta rasa yadda za ta sa abin ya shiga, sai ta ce, "Baba, kamar yadda kake karce bango kafin yaɓe."

Ya karɓi samfurin, ya murza da babban yatsa, ya koma ya zauna. Ya ce, "Yaron nan ya san aiki."

Likita ya ci gaba da rabi na biyu, kuma a nan ne duk zancen yake. Wuyan ƙarfen, wurin da ya ratsa dasashi ya fito, shi ba a so ya yi kaushi. Goge shi ake yi sumul kamar madubi. Haƙorin da Allah ya halitta yana da ƴan zaruruwa da suka ɗinke shi da nama. Ƙarfe ba shi da su. Dasashi rungumarsa kawai yake yi, kamar bakin jakar da aka tsuke, kuma rungumar ba ta ɗorewa sai wurin yana da tsabta. Duk ƙaramin zane a wuyan nan masauki ne ga ragowar abinci da ƙwayoyin cuta, inda buroshi ba ya kaiwa. In suka zauna, nama ya kumbura ya ja baya, ƙashi ya bi shi, har kaushin da aka binne a ƙasa ya fito fili, sai abin da ya taimaka a ɓoye ya zama shi ne babban mai tara dauɗa. Mai ciwon suga kuwa, irin Kawu, namansa ba ya saurin warkewa, dole ya fi kowa kiyayewa.

Auta ta fassara wannan duka. Ban dogara da maganarta kaɗai ba, Kawu da kansa ya faɗa mini: "Ta yi wani zance a kan santsi, amma lokacin na riga na gane." Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san ɗalibin da ya fi ban tsoro. Wanda bai gane ba yana tambaya. Wanda ya gane tun kafin ka gama, shi ya riga ya rufe kunne.

Tafiya biyu suka yi, ta farko aka dasa, bayan watanni aka ɗora haƙoran. Ya dawo ya sauke rawani daga baki. Ranar kasuwa ya sayi tsire ya tsaya a tsakiyar hanya yana ci, yana gaida kowa da baki cike. Tsofaffin bayan kasuwa suka sha zagin da ya taru musu. Ina so a rubuta wannan a wurin da ba zai goge ba: Kawu ya yi shekara guda da wani abu yana dariya da baki buɗe, kuma Auta ce ta saya mishi ita.

An ce ya rage goro, ya ce a rage wa likita shayi. An ba shi buroshi mai laushi, ya ba jika, ya koma asuwakinsa, yana dirza kamar mai wanke turmi. Randebun da aka ba shi, wato ranar komawa a duba shi, ya wuce yana kan ginin wani a Dungas. A hankali dasashin ɗaya daga cikin haƙoran ya ɗan ja baya, wani siririn layi na ƙarfe ya bayyana. Ya taɓa da harshe, ya taɓa da farce, ya ji santsi. A wurinsa maganar ta fito sarai: yaran likita sun yi ha'inci, sun karce ƙasa sun bar sama, shi ya sa nama ya ƙi kamawa. Ya ga irin wannan aikin a hannun lebura sau ba adadi.

Ban ji labari a bakin kowa ba, da idona na gani, kuma ba ni kaɗai ba. Na iso majalisarsu bayan la'asar na tarar da shi zaune a tabarma, leɓe a ja ƙasa, basilla a hannu. Babban ɗansa ya kwance madubin moto ya riƙe mishi. Magina biyu suna leƙe suna ba da shawara, ɗaya na cewa a yi zanen a gicciye.

Na ce, "Kawu, me nake gani haka?"

Ya tofar ya ce, "Aikin da aka bari rabi nake ƙarasawa."

Na yi bayani iyakar abin da na ji daga Auta da wanda na karanta. Na ga ba ya shiga, sai na gwada shiga ta ƙofarsa. Na ce, "Cikin indararo fa, kana karce shi?"

Ya ce, "Indararo ruwa ake so ya wuce. Nan nama ake so ya zauna. Ka taɓa ganin abin da ake so ya zauna an yi mishi santsi?" Maginan suka gyaɗa kai. Ya ƙara da cewa, "Kai da ba ka taɓa ɗora tubali a kan tubali ba, za ka koya mini kamu?"

Na ce baki ba bango ba ne. Ya ce shi ya sa aka ba ni alli aka hana ni cokali. Na tashi da fushi, na kira Auta a waya tun ban kai gida ba. Ya ji labarin na kira ta, ya yi makonni ba ya amsa mini gaisuwa fiye da "lafiya". Sulhunmu ya zo ne ranar da ya biyo ta ƙofar gidana, ya ƙwanƙwasa katangata ya ce wanda ya gina ta Allah ya isa. Shi ya gina ta.

Auta ta zo a ƙarshen makon. Ta duba bakin ta ga dasashin ya kumbura, ta fita bayan ɗaki ta daɗe, ta dawo ido jawur. Ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah mu koma Yamai a canja wuyan nan tun bai ci ƙashi ba." Ya ce ya karɓi yaɓen masallacin unguwa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba zai bar ɗakin Allah tsirara ya tafi gyaran murmushi ba. Ta roƙi yayanta ya karɓi aikin, ya ce Baba ba ya sakin bango a tsakiya, kuma gaskiya ya faɗa. Ta bar magani da ruwan kurkure baki. Kawu ya sha maganin, kumburin ya sauka, ya ɗauki saukar a matsayin shaida cewa karcen ya yi aiki. Ta sake zuwa, ya ɓuya a saman gini. Jinin da ke fita in yana asuwaki kuwa, jan goro ya rufe shi, ko Inna ba ta lura ba.

Da ciwon ya dawo bai yi sallama ba. Kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi ya rufe shi, ruwa ma ya ƙi wucewa. Aka kai shi Magariya, daga can ambilans ta wuce da shi Damagaram. Auta ce ta sa mishi serom, ƙarin ruwa, da hannunta. Maganar ƙarshe da aka gane a bakinsa ita ya faɗa wa: ta gaya wa yayanta bangon gabas bai sha yaɓe na biyu ba. Ya cika da hantsi. Likita ya ce suga ya yi sama sosai, kuma ciwon ya shiga jini. Nawa ne rabon basilla, nawa ne na goro, nawa ne na suga, nawa ne na nisan Yamai, ban sani ba, kuma wanda ya ce ya sani ya fi likita.

Bayan sadakar bakwai na je Damagaram na same ta. Ta rame. Na zaci zan tarar da fushi, sai na tarar ta riga yayanta yanke wa kanta hukunci. Ta ce, "Yaya Mushe, da ban kawo mishi misalin bango ba, da bai yarda ba."

Na ce, "Da yana nan da rawani a baki."

Ta ce, "Amma da yana nan."

Na koyar da yara yadda ake amsa tambaya shekara da shekaru. Na sha ruwan da ta kawo.

Ni da ƴaƴan Kawu taubasai ne, akwai abin da zan faɗa musu a wuce da dariya wanda in wani ya faɗa sai an je gaban mai gari. Da wannan dama na je wurin babban. Na same shi a bangon gabas na masallaci, yana ƙarasa aikin.

Ya ce, "Ɗan mace, ka zo koyon sana'a da tsufa?"

Na ce, "Madubi na zo aro, ɗan namiji. An ce kai ne gwanin riƙewa."

Cokalin ya tsaya. Ya ce, "Uba ya ce riƙe, sai in ce a'a?"

"Ba ka yi laifi ba. Ita kuma uba ya rufe baki ya daina dariya, sai ta zuba ido?"

Ya ci gaba da shafa ƙasa a wurin da ya riga ya shafe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kullum in na rufe ido, bakin nan nake gani a madubi." Sannan ya ce in gaya mata ta zo arba'in. Na ce ni ba ɗan aike ba ne a wannan. A gaban maza ya faɗi waccan, a gaban maza zai faɗi wannan.

Ta zo ranar arba'in, domin Inna ta aika daga ɗakin takaba cewa in ba ta zo ba, ita za ta fito ta je. Da aka gama addu'a, babban ya miƙe, yana murza hula a hannu. Ya ce, "Jama'a, ranar uku na yi magana a kan ƙanwata. Zafin rai ne. Baba kwanansa ne ya ƙare." Bai ambaci madubi ba, ban kuma ga laifinsa ba, ya ɗauki iyakar abin da wuyansa zai iya. Daga bayan zana muryar Auta ta fito: "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya." Maza suka ce amin da sauri, kamar waɗanda aka sauke wa kaya, aka hau rabon masa.

Ni dai na gyara takardun jarrabawa da yawa, na san amsar da ta fito daga ciki da wadda aka haddace. Jakarta a gidana ta sauka ranar, kuma duk zuwan da ta yi tun daga nan a gidana take sauka. Takan je ta gaida Inna, ta auna mata jini, ta ci tuwo, ta gaida yayanta a ladabce, shi ma ya amsa a ladabce. Da magariba ta gabato sai ta ɗauki mayafi. Akwai ɗaki a gidan da Kawu ya gina mata da hannunsa. Duk ranar da aka ce tana tafe, Inna na sa a share shi a shimfiɗa tabarma, da yamma kuma ta sa a naɗe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe mishi taurin kai da zagin alheri, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi mishi sauƙi. Mu da ya bari, Allah ya sa Auta ta kwana a gidan ubanta tun Inna tana da ƙarfin cewa a share.